Fada Teryo da Misar Tsakar Gida

A wani ƙauye da ke gindin dutsen Mayon, tsakanin gonakin kwakwa da bakin teku, aka haifi Eleuterio Bocaya, 'yan shekaru kafin yaƙin Japanawa ya iso. Shi ne auta. In ban da ranar baftisma ba wanda ya taɓa kiran sa da wannan dogon suna, Teryo kowa ya sani. Ubansa, Tatay Doroy, aikinsa sarrafa itacen abaka, yana fitar da zaren da ake tufka igiyar jiragen ruwa. Uwarsa ta rasu tun bai gama sanin fuskarta ba, saboda haka yayarsa Soledad, wadda ake kira Choleng, ita ta goya shi, ita ta yi masa wanka, ita ta koya masa cin barkono.

Teryo ya taso da i'ina mai tsanani. Kafin ya fitar da kalma ɗaya, mai sauraro ya gaji ya juya. Yaran unguwa suka sa masa Te-te-teryo, kuma duk wanda Choleng ta ji ya faɗa, ranar sai ya koma gida da jan kunne. Ita ce bakinsa. A shago ita ke faɗin abin da yake so, a gaban malamin makaranta ita ke ba da uzurinsa. Shi kuwa ya koma ga karatu, don takarda ba ta gajiya da jiran mutum.

A makon tunawa da shan wuyar Yesu, mutanen ƙauyen kan kafa rumfa su yi ta rera labarin da waƙa, wannan ya gaji wancan ya karɓa. Wata shekara muryar wata tsohuwa ta dushe, ba mai karɓa, sai Choleng ta tura ƙanenta gaba. Yaron ya buɗe baki, waƙa ta fito sumul, babu tuntuɓe ko ɗaya. A cikin masu sauraro akwai Fada Anselmo, wani tsohon ɗan ƙasar Sifen daga ƙungiyar 'yan'uwan Waliyyi Faransis, masu doguwar riga ruwan ƙasa da igiya a ƙugu, wanda ya zo wa'azin makon. Ya zauna da yaron a gindin mangwaro, ya yi masa tambayoyi, ya kuma jira amsa har ta fito. Teryo bai taɓa ganin baƙon da ya jira shi haka ba.

Da Fada Anselmo ya je neman izinin tafiya da shi makarantar horar da limaman coci, Tatay Doroy ya sosa kai ya ce in Allah ne ya kira, shi wane ne. Choleng ce ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ludayi.

"Fada, ku gafarce ni. Yaron da ba ya iya cewa a ƙara masa shinkafa, shi za ku sa ya yi wa jama'a wa'azi? Wa zai yi masa magana a can?"

"Shi zai yi da kansa," in ji tsohon.

Ta juya ga ƙanenta. "Kai kana so?"

Ya daɗe yana kokawa da kalmar. Ba ta taimake shi ba. Daga ƙarshe ya kira ta Manay, wato yaya, ya ce, "Ina so, Manay."

Ita ta ɗinka masa wando biyu, ta raka shi tashar jirgin ƙasa, ba ta yi kuka a gabansa ba.

A makarantar, Latin ya shige masa kamar ruwa. Abin da ya kusa hana shi naɗi shi ne bakinsa, domin akwai malaman da suka ce a bar shi ya zama ɗan'uwa mai kula da ɗakin littattafai kawai. Wanda ya tsaya masa shi ne abokin ajinsa, Honesto, ɗan wani mai kantin magani daga Manila, mai surutu kamar rediyo. Kullum bayan cin rana yakan ja Teryo bayan gida wurin tankin ruwa, ya sa shi ya yi wa kaji wa'azi.

"Ka ja maganar kamar kana waƙa, amma kada ka rera," in ji shi. "In kaji suka watse, ka faɗi."

A haka Teryo ya samo salon maganar da aka san shi da ita har tsufansa: a hankali, kalma bayan kalma, da ɗan tsayawa a tsakani. I'inar ba ta tafi ba, sai dai ta koyi zama a gefe, ba ta tasowa sai ransa ya ɓaci. Ya ɗauki alkawura uku na ƙungiyar, wato talauci da rashin aure da biyayya, aka naɗa shi Fada, sannan manyansa suka tura shi birnin Rum ya zurfafa a ilimin tauhidi. Yana can Tatay Doroy ya rasu. Labari bai iske shi ba sai bayan an binne.

Da ya dawo da digirinsa na dakta, ya je gida. Choleng ta riga ta auri wani masunci, ta haifi ɗa guda, Dionisio, wanda ake kira Onyong. Ta dubi ƙanenta sama da ƙasa, ta ga ya yi fari, ya rame.

"An ce ka zama dakta. To ga gwiwata nan, tun damina take damu na."

"Ba irin wannan daktan ba ne, Manay."

"Na sani. Zauna ka ci abinci. Mutanen Rum ba su da tukunya ne?"

Ta ajiye masa ganyen gwaza da aka dafa da madarar kwakwa, barkono ya yi ja a kai. Ya ci har hawaye, ita kuwa tana tsaye a kansa tana ba shi labarin yadda ubansu ya cika, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ba ta ce masa don me bai zo ba. Shi ma bai kawo uzuri ba.

Aka ba shi aji a babbar makarantar ƙungiyar da ke gefen Manila. Darasinsa alherin Allah da zunubi da gafara, kuma cikin 'yan shekaru ya zama malamin da ɗalibai daga wasu makarantu ke zuwa su tsaya ta taga don su ji shi. Ba ya ba da dariya da gangan. Yakan shigo da takalmin soso, alli ya ɓata masa gaban riga, ya rubuta tambaya ɗaya a allo, ya zauna a kan tebur. In ɗalibi ya ba da amsar da ya haddace, sai ya ce, "Daidai ne. To yanzu faɗa wa kakarka." Yana da wuyar maki ƙwarai, har ɗalibai kan ce mutumin da ke koyar da jinƙai bai san hanyar gidan jinƙai ba. Ba ya iya tuƙi, ba ya iya riƙe sunan titi, kuma a aljihunsa kullum akwai ƙaramar kwalbar barkono da yake fitarwa a ɗakin cin abinci ba tare da kunya ba.

Duk hutu yakan je gida. Onyong ya girma ya zama saurayi mai shiru, mai son noma fiye da teku. Shi ke zuwa tasha ya ɗauki jakar kawunsa, ya ce, "Tiyo, littattafai ne ko duwatsu?" Fada Teryo ne ya ɗaura masa aure da wata yarinya mai suna Remedios. Shekara ta zagayo Remedios ta zo haihuwa ana cikin guguwa, gada ta karye, ba a iya kai ta asibiti ba. Ta rasu, jaririn ma bai zo da rai ba.

Daga ranar Onyong bai koma daidai ba. Ya daina cin abinci sai an tsaya a kansa, yakan wuni a gona ba tare da ya taɓa fartanya ba. Fada Teryo ya je ya zauna da shi, ya faɗa masa duk abin da ya sani na ta'aziyya. Yaron ya saurara da ladabi, ya ce, "Na gode, Tiyo." Kawun ya koma Manila yana ganin lokaci zai yi aikinsa.

Yana tsakiyar darasi wata safiya aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka miƙo masa saƙon waya daga Choleng. Onyong ya kashe kansa.

Ya bi jirgin ƙasa, ya isa washegari da hantsi. An shimfiɗe gawar a falo, kyandir biyu na ci, amma gidan bai cika kamar yadda gidan makoki ke cika ba. Maƙwabta suna leƙowa daga bakin hanya su wuce. Choleng tana zaune kusa da akwatin, idonta a bushe.

"Fada Lucio ya ce ba za a shigar da shi coci ba," ta ce. "Ba Misa, ba ƙararrawa. A binne shi a bayan katangar maƙabarta. Kai ne mai karatu. Haka ne?"

A wancan zamani dokar coci ta hana jana'izar ibada, wato Misa, ga wanda ya ɗauke ransa da gangan. Fada Teryo ya san dokar, ya kuma san cewa ba ta hau kan wanda hankalinsa ya gushe ba. Ya ce mata, "Bari in je in gan shi."

Fada Lucio, limamin garin, dattijo ne mai furfura wanda ya yi shekaru yana hidima a wurin, ya gina makaranta, ya ciyar da mutane lokacin da dutsen ya yi aman wuta. Ya karɓi baƙonsa da mutunci, ya sa aka kawo kofi.

"Yaron nan ba a hayyacinsa yake ba," in ji Fada Teryo. "Kowa ya san halin da ya shiga tun rasuwar matarsa."

"Ya kai ɓaunarsa ta noma ya ba maƙwabcinsa kyauta. Ya gyara wa uwarsa rufin kicin. Ya je kabarin matarsa ya share. Wannan aikin mai hankali ne, Fada, wanda ya shirya tafiya."

"Mutum na iya gyara rufi alhali cikinsa ya rushe."

Dattijon ya ajiye kofinsa. "Bari in gaya maka abin da ke damu na. Bara waccan wata mai wanki ta durƙusa a nan inda kake zaune, saboda mijinta da ya kashe kansa. Na hana ta. Ba ta da ƙane farfesa. In na buɗe maka ƙofar coci yau, da wane ido zan dube ta ranar Lahadi?"

Maganar ta shige Fada Teryo. Can ya ce, "To ita ma an z-z-zalunce ta."

"Wataƙila. Amma ba ni na rubuta dokar ba, kuma Bishop ba ya ƙasar. Ina roƙon ka, kuma ina umartar ka, kada ka yi Misa a yankina saboda wannan gawa. Ka yi masa addu'a a zuciyarka, ba mai hana ka."

Ya fito ya bi hanyar kasuwa a ƙasa. Tun da ya sa rigar nan bai taɓa saɓa wa umarnin na gaba ba, ko a kan ƙaramin abu. Ya san abin da zai biyo baya, ya kuma san yana son ajinsa fiye da yadda ya kamata mai alkawarin talauci ya so wani abu. Da ya isa gida ya tarar Choleng ta fito tsakar gida tana jiran sa. Ta dubi fuskarsa ta gane.

"Shi ke nan," ta ce. "Ka ci abinci ka koma. Kada ka jawo wa kanka."

"Fito mini da teburin cin abinci, Manay. Da farin zane, in akwai mai tsabta."

Da la'asar aka yi Misar a ƙarƙashin bishiyar kwakwa, kaji na yawo a gindin tebur. Da farko dangi ne kawai. Da aka fara waƙa sai maƙwabta suka matso bakin shinge, wasu suka shigo. A can baya wata mace ta tsaya da ƙullin wanki a kanta, ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba. Wa'azin gajere ne, kuma i'ina ta dame shi daga farko har ƙarshe.

"Ban san abin da ya wuce tsakanin Onyong da Ubangijinsa a ƙarshe ba," ya ce. "Duk wanda ya ce muku ya sani, bai sani ba. Abin da ya yi ba daidai ba ne, ya bar uwarsa da ciwon da ba zai warke ba. Amma ga uwar nan a zaune, ba ta kore shi daga gidanta ba. Na yi shekaru ina karatu, ban ga inda aka ce jinƙan Allah bai kai na Choleng ba."

Aka binne shi a bayan katanga, Fada Teryo ya yayyafa ruwan albarka a ramin. A nan ne Choleng ta yi kuka, ta riƙe igiyar ƙugun ƙanenta kamar za ta tsinka.

Da a ce ya tsaya nan, da wataƙila maganar ta mutu. Amma ranar da ya koma aji ya gaya wa ɗalibansa abin da ya yi, ya ce a ganinsa dokar nan tana hukunta masu rai ne, ba ta gyara komai ga mamaci, kuma ya kamata coci ta sake duba ta. Kafin mako ya ƙare magana ta kai inda za ta kai. Ƙorafin Fada Lucio ya iso, na wasu iyayen ɗalibai ya biyo baya.

A lokacin Honesto ne shugaban ƙungiyar na ƙasa. Ya kira abokinsa ofis, ya rufe ƙofa, ya zube a kujera.

"Teryo, kai da ba ka iya magana, yau maganarka ce ta hana ni sakat. Da ka yi Misarka ka ja bakinka, da na ce baƙin ciki ne ya ɗebe ka. Me ya kai ka faɗa a aji?"

"Su ne za su zama limaman gobe. Wata mai wanki za ta durƙusa a gabansu."

"Ka ba Fada Lucio haƙuri, ka kuma gaya wa ɗalibai ka yi kuskure. Shi ke nan, in rufe maganar."

"Fada Lucio zan ba shi haƙuri, don na saɓa masa a gidansa. Amma ba zan ce wa yara abin da na gaya musu ƙarya ne ba."

Honesto ya shafa fuskarsa. "To ba ni da yadda zan yi. An ce in sauke ka daga koyarwa. Akwai wani tsibiri a gabas da ba su da Fada tun da na wurin ya rasu."

"Umarni ne?"

"Umarni ne."

"To zan tafi."

Ya cika alkawari, ya biya ta garinsu ya ba Fada Lucio haƙuri. Dattijon ya karɓa, ya raka shi har bakin ƙofa. Choleng kuwa da ta ji an kore shi daga aji, sai da aka riƙe ta, don ta ɗaura ɗankwali za ta Manila ta ga wannan Honesto da idonta.

Tsibirin ƙarami ne, masunta ne duka, kwalekwale mai inji ke zuwa in teku ta yarda. Ba a yi Fada Teryo don irin wannan aiki ba, kuma bai ɓoye wa kansa ba. Duk shiga kwalekwale sai ya yi amai. Wa'azinsa ya yi wa mutane tsawo, maza kan fita shan taba su dawo su tarar bai kai rabi ba. Wata tsohuwa ta taɓa tare shi bayan Misa ta ce, "Fada, muryarka da daɗi. Tun rasuwar mijina ban yi barci irin na yau ba." Littattafan da ya zo da su, danshi da gara suka cinye rabi. Ya yi kewar allo da alli har yakan tsinci kansa yana yi wa bangon ɗaki darasi. Ya kuma yi fushi da Honesto, fushi na gaske, wanda ya kai shi shekaru yana ambatar sunansa a addu'a da ƙyar, kamar mai haɗiyar magani.

Amma ya yi aikin. Ya yi wa jarirai baftisma, ya ɗaura aure, ya koya wa yara karatu a barandar coci tunda malamin gwamnati ba ya zama. In guguwa ta ci masunta ba a ga gawa ba, yakan je bakin ruwa da iyalansu ya yi addu'a, ya zauna da su har su gaji da zama. Abin da ya faru da Onyong ya koya masa kada ya yi ta'aziyya sau ɗaya ya ɗauka ya gama. Yakan koma gidan bayan mako, ya koma bayan wata, ko da ba abin da zai ce. A hankali wa'azinsa ya gajarce. Mutanen tsibirin suka saba da shi, suna aiko masa da kifi, suna yi masa dariya in ya tattare riga zai shiga kwalekwale.

Shekara bakwai yana can. A cikinsu coci ta sake tsara dokokinta, kuma a sabon tsarin babu hanin jana'izar nan. Labarin ya iske shi a wata tsohuwar jarida da aka naɗo busasshen kifi a ciki. Ya karanta, ya ninke, ya tafi koyar da yara.

Bayan 'yan watanni kwalekwale ya sauke wani mutum mai ƙiba cikin riga ruwan ƙasa, fuskarsa ta yi kore, yana tafe yana dafa mutane. Honesto ne, wa'adinsa na shugabanci ya kusa ƙarewa. Ya zube a kan yashi.

"Haka kake sha duk tafiya?"

"Duk tafiya," in ji Fada Teryo.

"To na biya rabin laifina." Ya numfasa. "Na zo da kaina don in na aiko takarda za ka ce ba ka gani ba. Ajinka na jiran ka."

Fada Teryo ya tsaya yana duban sa. Ya sha shirya abin da zai faɗa masa ranar da suka haɗu, magana mai tsari, mai kashi uku kamar darasi. Da ya ga abokinsa ya yi furfura, ga yashi a gemunsa, sai maganar ta bi iska.

"Ka yi abin da ya hau kanka," ya ce. "Na daɗe ban yafe maka ba, amma na sani. Tashi mu je, akwai romon kifi."

"Kada ka ambaci kifi, don girman Allah."

Ya koma koyarwa ya ƙara shekara ashirin da wani abu. Ɗalibai sababbi sun ji labarinsa, suna so ya ba su da bakinsa, su tafa masa. Bai yarda ba. In aka matsa sai ya ce Fada Lucio mutumin kirki ne da ya bi abin da aka ba shi, a koma kan darasi. Ya rubuta littafi ɗaya tak, ƙarami, a kan yadda limami zai zauna da waɗanda aka yi wa rashi, ya rubuta shi da harshen mutanensa, abin da ya sa wasu abokan aikinsa suka ɗauke shi ba aikin ilimi ba. Limaman ƙauye kuwa suka yi ta kwafa suna ba juna. Da aka fara karɓar mata a makarantar, shi ya fara ba wata sista, mai hidimar coci, maki mafi girma da ya taɓa bayarwa, ya kuma gaya wa mazan ajin su ji kunya.

Ya haura saba'in lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi yana saukowa daga bene. Ya rayu, amma hannun dama ya tafi, magana ta yi nauyi. Aka mai da shi ɗakin jinyar tsofaffin 'yan'uwa, gado kusa da na Honesto, wanda ciwon suga ya riga ya kwantar. Honesto ke surutu, shi yana saurare, in ya gaji ya juya ya fuskanci bango. Tsofaffin ɗalibansa kan zo, wasu sun zama manya a coci, su zauna a bakin gado su karanta masa abin da suka rubuta. In bai gamsu ba yakan rufe ido, su kuwa sun san ma'anar hakan. Wata safiya bayan Misa, mai jinya ta kawo masa kunun shinkafa, ya sha rabi, ya kishingiɗa, bai tashi ba.

Choleng ta zo jana'izar a motar haya, tafiyar wuni guda, tana dogara sanda, 'yar ƙanwar mijinta na riƙe da ita. Cocin ya cika har waje. Limamai sun yi layi cikin fararen kaya, ga wasu mutane da rana ta ƙona, waɗanda suka taso tun daga tsibiri. Ta zauna a gaba ta saurari jawabai masu tsawo a kan Farfesa Bocaya, ba ta gane rabinsu ba.

Bayan an gama ta nemi sabon shugaban ƙungiyar, wani matashi mai tabarau, ta ce tana so a ba ta gawar ta kai gida kusa da iyayensu. Ya durƙusa daidai kunnenta ya yi mata bayani cewa 'yan'uwa a maƙabartarsu ake binne su, kuma shi Fada Teryo da kansa ya nemi haka.

Ta juya sandarta a hannu. Aka turo Honesto a keken marasa lafiya, ya kama hannunta.

"Manay, ni ne Honesto."

Ta dube shi da kyau. "Kai ne? Na daɗe ina neman ka."

"Ga ni, ki yi yadda kike so."

"Ka tsufa, ba abin da zan yi da kai." Ta gyara masa bargon da ya zame daga gwiwarsa. "Kun fi ni daɗewa da shi. Ku riƙe shi. Amma a riƙa share wurin."

Ta tsaya har aka rufe kabarin, ta ci abincin da 'yan'uwa suka dafa, ta ce gishiri bai ji ba. Sun roƙe ta ta kwana biyu ta huta, ta ƙi, ta ce ta bar aladu a hannun maƙwabciya, kuma matar ba ta da kula. Washegari da safe aka kai ta tasha ta hau motar gida.